Gidan da Ya Ceci Teku

Idan wata rana aka zauna rubuta tarihin yadda aka ceto tekunan duniya daga leda, dole a ware wa gidan Darakta shafi guda, in ma ba biyu ba. A nan aka fara. Gaskiya ne babu wanda ya taɓa ganin teku a gidan, in ban da shi Daraktan da ya hango ta sau ɗaya ta tagar jirgi, amma aikin ceto ba ya buƙatar sai an san juna.

Darakta ba darakta ba ne tukuna. Mataimakin mai riƙon mataimakin darakta ne a sashen tsare-tsare, sai dai unguwa ba ta da lokacin faɗin wannan duka, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ofis ya tura shi bita a wani otal, ya dawo da jakar yadi mai hoton kunkuru, da wani irin kallo da yake yi wa kayan gidansa kamar ranar ya fara ganinsu. An nuna musu hoton wani ƙaton kifi da aka farke cikinsa aka tarar da leda maƙil. Ya ce tun da ya ga hoton nan abinci ya fita ransa. Malama, matarsa, ita ce ta wanke kwanon da ya suɗe a ranar.

Ya tara iyali a falo. Ga Malama, ga 'ya'yansu mata biyu, Babba da Auta, ga kuma mahaifinsa, wanda aka ba kujera mai hannu don a girmama shi, kuma don kada ya tashi kafin a gama. Darakta ya yi bayani a tsaye, ya kawo alƙaluma, ya nuna hoton kifin a waya aka zagaya da shi.

"Daga yau," in ji shi, "duk abin da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar, ba zai ƙara ƙetare ƙofar gidan nan ba."

Daga baya ne, a tsakiyar wata magana, ya ambata cewa ofis ya sa gasa tsakanin gidajen ma'aikata, kuma kwamiti zai zo dubawa.

A yi adalci, ledar ta yi yawa. Ita ce a kwata, ita ce a kan waya, ita ce a cikin tunkiyar maƙwabci da ta kumbura ta mutu. Sayen allura ma sai an ba ka leda. Da Malama ta fara zuwa kasuwa da kwando da kwanuka masu murfi, mahauci ya tambaye ta ko a nan za ta dafa, amma ya zuba mata. Yara suka koma tafiya makaranta da gorar ruwa da ake wankewa. Ba a jima ba kwatar ƙofar gida ta fara gudu, sauro ya ragu. Da a nan abin ya tsaya, da babu labari.

Amma Darakta mutumin tsare-tsare ne, a wajensa abin da ba a auna ba bai faru ba. Ya kawar da tsohon duron shara mai murfi, ya jera kwanduna uku marasa murfi a tsakar gida, ɗaya na ragowar abinci, ɗaya na takarda, na ukun kuma na leda da roba, wanda ya raɗa wa suna kwandon kunya. Ya gaya wa mai kwasar shara kada ya ƙara zuwa sai ranar Asabar, bayan an yi bincike.

Baba, mahaifin Darakta, tsohon direban doguwar mota ne. A zamaninsa fasinjoji suka sa masa suna Ba-Tsayawa, domin idan ya tayar da mota daga tasha ba ya taka birki sai ya ga wata tashar. Mai jin fitsari ya yi ta bubbuga jikin mota, Baba sai ya ƙara muryar rediyo. Har yau da wannan sunan ake kiransa a bencin da ke ƙofar shagon mai aski, inda yake zuwa kullum da yamma ya zauna da tsohon ma'aikacin gidan waya da wani tela da idonsa ya daina ganin kafar allura. Ba wani abin kirki suke yi ba. Suna gyara gwamnati, suna ambaton waɗanda suka mutu, suna yi wa juna ƙarya a kan ƙuruciya. Amma tun rasuwar matarsa, bencin nan ne kaɗai abin da ya rage masa wanda ba ɗansa ne ya saya ba.

Bara aka yi masa aiki a mara. Darakta ne ya biya, saboda haka a wajensa Baba ya warke. Ranar sallama Darakta yana wani taro, Malama ce ta je asibiti, ita likita ya ja gefe ya gaya wa cewa tsohon ba zai ƙara iya riƙe fitsari kamar da ba, wataƙila na ɗan lokaci, wataƙila shi ke nan. Ya ce a saya masa famfas na manya. Ya kuma nanata cewa ya riƙa shan ruwa da yawa, domin ƙodarsa ba ta da sauran wasa.

Sau ɗaya suka yi maganar, a cikin motar haya a hanyar dawowa, kowa na kallon tagarsa. Baba ya ce kada mijinta ya ji. Ta ce to. Ya ce ta rantse, ta rantse.

Daga nan abin ya koma "saƙo." Ita ke biyawa ta kemis in ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa, ta cusa a ƙasan jaka, ta danne da littattafan yara. In ta shiga share masa ɗaki sai ta ce, "Baba, saƙonka ya iso," ta sa a akwatinsa na ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Wanda ya yi amfani da shi kuwa, shi ke ƙulle shi a baƙar leda ya tura can ƙasan duro ya mayar da murfi. Da haka yake fita benci da farin wando da gugar da ta tsaya, ya yi dariyarsa son ransa, ya dawo a bushe. Duk tsarin a kan abu biyu ya tsaya, baƙar leda da murfi. Darakta ya soke su duka a zama ɗaya.

Asabar ɗin farko ya shimfiɗa tsohuwar tabarma ya juye kwandunan. Ya sa safar hannu, ya tabbatar kowa ya ji cewa mai wankuwa ce. Ga sikeli a gefe, ga Babba riƙe da waya za ta ɗauki hoto a tura wa zauren hirar ofis na waya. Yana tonawa da sanda a ƙarƙashin ɓawon albasa sai ya ɗago ƙullin baƙar leda. Ya sake tonawa ya ɗago wani, da wani.

Ya tambayi na wane ne. Auta ta ce ba nata ba ne. Baba, wanda ke shan hantsi a kujerarsa, ya ƙara muryar rediyo. Darakta ya durƙusa zai kwance ƙullin.

"Nawa ne," in ji Malama. "Kayan mata ne, Baban Auta. In kana son buɗewa a gaban 'ya'yanka da mahaifinka, bismillah."

Ya saki ledar kamar ya taɓa garwashi. Girman ƙullin da yawansu sun ɗan ba shi mamaki, amma mutumin da ya san nauyin ledar da ke shiga teku a shekara bai san komai a wannan fannin ba, kuma bai so a gane. Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Malama ta ɗauka kunya ce. Ashe bincike ya shiga yi.

Bayan kwana kaɗan ya dawo da ƙunshi a jakar takarda. Ƙunzugun mata ne na yadi, masu furanni, ana wankewa a sake sawa. Ya ba ta da fara'a irin ta mutumin da ya kawo wa matarsa sarƙa. Ya jera su a kan gado ya ɗauki hoto, ya tura zaure da ɗan bayani a ƙasa. Da yamma yana zagaya tsakar gida da waya a kunne, da muryar da yake yi wa taro magana, yana gaya wa wani cewa wannan fannin ma sun magance shi, uwargida ta ba da haɗin kai, babu abin kunya a ciki, ai ilimi ne. Washegari matar shugaban sashe ta bugo wa Malama tana tambayar da wane sabulu take wankewa.

Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa duk aka yi wannan. Rediyon a kashe yake.

Malama ta koma fasa-ƙwauri. Da safe takan karɓi ƙullin ta bayan ƙofa, ta sa a ƙasan jaka, ta juye a duron makaranta da ke bayan banɗaki. Ledar ma ta zama abin nema, sai ta riƙa roƙon abokan aiki tana waige-waige, kamar mai sayen abin da hukuma ta hana. Wata rana wata yarinya a aji ta shinshina littafinta ta ce malama littafina yana wari, Malama ta ce ta yi shiru ta buɗe shafi na gaba. Duk da haka abin yana tafiya, har aka ba da dogon hutu. Malamar da ba ta da makaranta ba ta da dalilin fita da jaka kowace safiya, musamman a gidan da maigida ke leƙa kowace jaka a bakin ƙofa, yana murmushi, yana cewa don kiyayewa ne kawai.

Baba ya gwada da kansa. Ya sa ƙullin a aljihun riga ya fita neman wurin yarwa. A ranar ya gano cewa duk layin babu taku ɗaya da ba idon mutum a kai, kuma kowa ya san shi. Kwata ta yi fes, albarkacin ɗansa, ko ƙwayar leda aka jefa sai an gani. Bola kuwa tana can ƙetaren babban titi, inda gwiwarsa ba ta kaiwa. Ya gaisa da rabin unguwa da hannu ɗaya a aljihu, ya dawo gida da kayansa.

Malama ta gwada ta wajen mijinta. Ta bari ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce ita tana ganin akwai abubuwan da ba su da madadi, misali ga marasa lafiya. Fuskarsa ta yi haske. Ya ce a wajen bita an gaya musu za a faɗi haka, har suna gare shi, matakin musu, kuma kowane gida sai ya bi ta nan. Sannan ya tambaya, da kulawa ta gaskiya, wa ne ne ba shi da lafiya. Ta ce babu kowa. Ya ce to kin gani.

Sai ta kai wa Baba shayi ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juya ba.

"Baba, ka sake ni daga rantsuwar nan. Ɗanka ne fa. Ba zai yi maka dariya ba."

"Da dariya zai yi ai da sauƙi, 'yata." Ya juya kofin a hannunsa. "Taro zai kira. Ya zaunar da ni a kujera mai hannu, ya ce wa jikokina kada kowa ya ji kunya, lalura ce. Sannan ya nemo mini masu furanni. Kafin a zagayo Asabar matar shugabansu ta bugo tana tambayar sabulu."



Ya ce duk shekarun da ya yi a hanya fasinja ɗaya ya taɓa tsaya wa, shi ne mijinta, lokacin yana ɗan mitsitsi, ya matse ƙafa a gidan gaba yana hawaye. Ya tsayar da mota cike da mutane a tsakiyar daji ya sauke shi, ya tsaya ya kare shi da rigarsa daga idon fasinja. Ya ce bai taɓa ba kowa labarin ba, ko a benci. Ya ce da can haka ake yi.

Aka sanar cewa kwamiti ba shara kaɗai zai duba ba, har ɗakuna zai shiga. Darakta ya naɗa 'ya'yansa jami'an bincike, duk wadda ta gano roba tana da lada. Auta ta ɗauki aikin da zafi. Ta tono leda a cikin takalmi, ta tono a bayan madubi. Ta shiga ɗakin kakanta ta zauna a ƙasa tana ƙwanƙwasa akwatin ƙarfe.

"Angona, me kake ɓoyewa a nan? Kuɗin aurena ne?"

Ya ce ai ya fasa aurenta tun da ya ga yadda take cin abinci, ta je ta nemi mai shago. Ta tafi tana dariya, tana cewa gobe za ta dawo da mabuɗi. Kafin goben Malama ta kwashe ragowar saƙon ta mayar kemis. Mai kemis ya ce ba ya karɓar abin da aka buɗe. Ta ajiye masa a kan kanta ta fita.

Ta yayyanka tsofaffin tawul da zanen gado, ta zauna a keken ɗinki tana linkawa tana bi. Darakta ya wuce ya tambayi me ne ne, ta ce tsummokaran goge-goge. Ya yaba ƙwarai, ya ce ta fara shiga mataki na gaba, ya ɗauki hoto.

Baba ya fita benci da tawul a jikinsa, yana tafiya kamar wanda ya sauko daga doguwar tafiya. Da farko lafiya lau. Sai tela ya ɗauko labarin ranar da ya ɗinka wa wani ango wando mai ƙafa ɗaya gajera, ya kuma rantse masa cewa ƙafarsa ce. Sun ji labarin ya fi a ƙirga, amma a ranar ya ƙara wani abu a kai, Baba ya tuntsire da dariya. Tawul ya ɗauki dariyar farko. Ta biyun ba da shi ba.

Ya ji ɗumin yana bin cinyarsa. Ya zauna bai motsa ba, murmushin na nan a fuskarsa domin bai san inda zai ajiye shi ba. A ƙarshen bencin akwai jug ɗin ruwan da mai aski ke ajiye wa masu jira. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko, ya kai kusa da baki, ya sake shi a kan cinyarsa.

Suka yi ta tsiya. Tela ya ce Ba-Tsayawa hannu ya fara rawa, Allah ya so fasinja an karɓe sitiyari. Tsohon ma'aikacin gidan waya ya ce a riƙa ba shi a cokali. Baba ya taya su dariya, yanzu kam ba abin da zai rasa. Mai aski, wanda ya ƙare rayuwarsa a tsaye dab da jikin mutane kuma hancinsa lafiya lau, ya fito da tsumma. Ya ce laifin jug ne, mariƙinsa ya daɗe da lalacewa, kullum yana cewa zai sauya. Ya goge bencin. Ya koma ciki ya ɗebo ruwan sabulu ya sake gogewa, bai ɗaga kai ba.

Baba ya ga ruwan sabulun. Ya yi musu sallama ya taho.

Bai koma ba washegari, haka jibi. Ya riƙa zama a ɗaki, rediyo na yi shi kaɗai. 'Yan benci suka aiko tambaya, aka ce gwiwa ce. Darakta ba mugun ɗa ba ne, ya lura, kuma abin ya dame shi. Ya ce ya karanta cewa tsofaffi suna buƙatar motsa jiki da cuɗanya da sa'o'insu, in ba haka ba ƙwaƙwalwa takan tafi. Ya umarci Malama ta riƙa ƙarfafa masa gwiwa.

Ba ta ƙarfafa komai ba, amma wata yamma sai ga Baba ya fito da farin wando da guga, ya tafi, ya daɗe, ya dawo a bushe. Haka kashegari. Ta yi murna har ta fara tunanin ko likita ya yi gaskiya da ya ce wataƙila na ɗan lokaci ne. Sai da ta je ɗauko kofinsa na safe ta tarar da shayin ya yi sanyi ba a taɓa ba. Ta duba tulun ɗakinsa, ruwan na nan inda ta bar shi jiya.

"Baba, likita ya ce ka riƙa..."

"Na ji abin da ya ce, ai kunnena ba a yi masa aiki ba." Ya yi gyaran murya. "Kin zaci yaya nake yi tasha zuwa tasha? Mutane sun ɗauka baiwa ce. Ba na sha ne kawai. In tafiyar safe ce, tun jiya na rufe."

Ta ce lokacin ƙodarsa lafiyarta ƙalau. Ya ce in ya dawo da yamma yana sha. Ta ce ta gani, kurɓi biyu.

"Ke ma kin fara aunawa kamar mijinki," in ji shi. Ya ce ta ɗauke shayin kada ƙuda ya faɗa.

Leɓensa ya fara tsagewa. In zai tashi sai ya dafa bango ya ɗan tsaya, hannu ɗaya a ƙugu ta baya. Malama ta riƙa yi masa dabara, ta ƙara ruwa a miya, ta yanko masa kankana, shi kuma ya riƙa tsame tsoka ya bar romo, ya kira Auta ya ba ta kankanar a matsayin toshi. Biyu ne suka san abin da ake ciki a gidan, kuma sun koma wasan ɓuya da cokali.

Ranar da kwamiti zai zo ta yanke shawarar karya rantsuwar, ta ce ko me za ta biya ta biya. Ta sami Darakta a falo yana bitar jawabinsa a gaban madubi. Ta ce Baban Auta, akwai magana. Ya ce yana ji, bai juyo ba. A cikin madubin ta hango Baba tsaye a bakin ƙofa, ya sa hula, ya dafa bango. Bai yi mata alama ba, bai girgiza kai ba, kallonta kawai yake yi irin kallon da ya yi wa tagar motar haya. Sai ta tambayi Darakta baƙin su nawa ne, don ta san yawan kofuna.

Kwamiti ya zo a motoci masu sanyi, kowa ya bar robar ruwansa a kujerar mota don girmama gida. Suka duba kicin, suka yaba kwanuka. Suka leƙa kwandon kunya suka tarar da shi wayam, wata ta ce a ɗauke ta hoto da shi. Suka shiga ɗakin Baba, Auta da kanta ta jawo akwatin ƙarfe ta buɗe. Tsohuwar hular direba ce a ciki, da lasin da ya daɗe da mutuwa, da wani ɗankwalin marigayiya.

Darakta ya yi jawabi. Ya dafa kafaɗar mahaifinsa ya ce ga malaminsa na farko. Ya ce tsoffinmu sun rayu ba leda, kuma tun da aka fara wannan aiki ko ƙyalle Baba bai taɓa jefawa a kwandon kunya ba. Da gaske kuma yake. Aka tafa. Aka ce Baba ya ce wani abu, ya motsa leɓe ya ce Allah ya yi albarka.

Gidan ya zo na ɗaya. Aka ba da takardar shaida, an lulluɓe ta da roba don kada ta lalace. Shugaban kwamiti ya ƙara da albishir, cewa an ayyana gidan a matsayin gidan koyi, iyalan ma'aikata za su riƙa zuwa gani da ido a kowane lokaci, ba tare da sanarwa ba, har tsawon shekara, kuma ana duba yiwuwar ƙarawa. Malama, wadda ta yi ta gaya wa kanta cewa in kwamiti ya tafi za a mayar da murfi, ta ci gaba da zuba shayi.

Cikin kyautar har da gorar ƙarfe mai sheƙi. Da baƙi suka watse Darakta ya wanke ta da kansa, ya cika da ruwan sanyi, ya kai wa mahaifinsa da hannu biyu. Ya ce wannan ta Baba ce. Ya ce ya ga kamar yana ramewa, kuma likitoci sun ce tsofaffi su yawaita shan ruwa, saboda haka kullum zai cika masa in zai fita, kuma yana son ganinta a wofi in ya dawo. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya ce gora ta yi kyau.

Malama ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta hango shi. A kusurwar katanga akwai 'yar bishiyar da Darakta ya dasa a farkon gasar, wadda aka ɗauki hotonta aka manta da ita. Baba ya tsaya a wajen, ya waiga dama da hagu. Ya kwance murfin gorar, ya sunkuya da ƙyar, ya tsiyaye ruwan a gindinta a hankali don kada ya fantsar masa a wando. Ya girgiza gorar har ɗigon ƙarshe ya sauka. Ya mayar da murfi ya ɗaure, ya lashi leɓensa, ya ɗan jima dafe da katanga kafin ƙugun ya sake shi.

Sannan ya miƙe ya gyara hula, ya nufi benci.